Ɗalibar Gwaji ta Malam Nu'uman

Idan ana maganar ba yara shawara kan karatu, to daga Tireshbil har Ajame, unguwannin birnin Abijan, babu mai ɗaga yatsa a gaban Malam Nu'uman. Shi da kansa ma ya sha faɗin haka. Konseye ne, wato aikinsa ke nan ya zaunar da ɗalibi ya tambaye shi me yake so ya zama, sannan ya nuna masa hanyar da za ta kai shi can. Ya zaga makarantun ƙauye har dugadugan takalmansa sun cinye, kuma duk inda ya sauka sai ya bar yara da buri fal ciki. Amma ka san inuwar giginya, na nesa ka sha. A cikin gidansa da ke unguwar Biyafara akwai yarinyar ƙauye guda, Radiyya, 'yar wansa marigayi, wadda aka ba shi riƙo daga wani ƙauye a bayan Bonduku. Ta ci jarrabawar gama ƙaramar sakandare da makin da ya sa shugaban makarantarsu ya yanka zakara. Hukuma ta ba ta gurbi a ajin kimiyya na wata babbar sakandare a nan Tireshbil, tafiyar ƙafa daga gidan. An buɗe makarantu, Radiyya tana gindin murhu tana ɓare agada, babbar ayabar nan da ake soyawa.

Gurbin nan kuwa ba gadon gidan kowa ba ne. Radiyya ta saci jiki ta je ta tambaya, mai gadi ya ce mata in wata ya ƙare ɗalibi bai zo da waliyyinsa an yi masa rajista ba, wani ake miƙa wa kujerar, don masu jira sun fi kujerun yawa. Abin da ake nema a wurin Malam Nu'uman bai wuce ya taka da ƙafarsa ya ce ga 'yata ba.

Da safe ta same shi yana ɗaura laktaye a gaban madubi, ta durƙusa.

"Baffa, ina kwana?"

"Tonton," in ji shi. "Sau nawa zan gaya miki? Nan Abijan ce. Baffa, Baffa, sai ki sa mutane su ɗauka garken shanu gare ni."

"Tonton, dama maganar makarantar nan ce..."

"Wala!" in ji shi, wato yawwa da Faransanci. "Kin ji abin da kullum nake gaya wa mutane. Yaron ƙauye yana da ƙishirwar ilmi, abin da ya rasa kawai shi ne mai saurarensa. Mutanenmu ba su iya saurare ba, Radiyya. Yaro zai buɗe baki, babba ya riga shi. Wannan ita ce cutar da ke cin Afirka."

"Mai gadi ya ce in wata ya..."

"Litinin," ya ce, ya ɗauki jakarsa. "Goge min takalmin nan ta baya."

Litinin ta zo, aka ce tela bai gama ɗinka kayan makaranta ba. Da aka koma wajen tela sai aka ce ya tafi Maraɗi ta'aziyya. Da tela ya dawo sai aka gano ashe ba a taɓa kai masa yadin ba. Malam Nu'uman ya girgiza kai, ya ce ka ji halin teloli.

Matarsa, Tanti Laila, ita ba ta wahalar da kanta da irin waɗannan zagaye-zagaye. Tana da tebur a mahaɗar Roksi a Ajame, inda take sayar da soyayyen kifi da aloko, wato agadar da aka soya a manja, ga ta kuma da tagwaye masu fitar da haƙori. Tun ranar da Radiyya ta sauka a gidan, ciwon bayan Tanti Laila ya warke sarai, amma sai ya riƙa dawowa duk sa'ad da aka ambaci makaranta.

"Wayyo bayana! Ke Radiyya, ba ki da tausayi ne? Makarantar guduwa za ta yi? Ni da kike gani na yi boko har aji uku, ga ni nan, me ya rage ni da shi? Kuma ai canjin da kike ba mutane lissafi ne. Kyauta kike koyo, ko godiya babu."

Haka kwanakin Radiyya suka koma. Kafin a kira assalatu tana layin famfon tsakar gida, don gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Ta yi wankin tagwaye, ta yi shara, ta ɓare agada kwando guda, ta ɗora kwanoni a ka zuwa bakin titi, a cusa ta a woro-woro, tasin nan ta haɗaka, tare da kayan, direba yana mita wai kifinsu zai ɓata masa kujera. A haye gada, a ratsa unguwar Filato, a sauka Roksi cikin hayaƙin motoci da ihun 'yan kamasho. Daga nan sai suya, ɗaya daga cikin tagwayen a bayanta, ɗayan yana jan zanenta. Manja ya yi mata zane-zane a hannu har ta daina ƙirgawa.

Abin da ya fi ƙunar manja zafi shi ne azahar, lokacin da 'yan makaranta ke tsayawa sayen aloko, 'yan mata cikin farar riga da shuɗin siket, suna dariya suna ƙorafin malamin lissafi. Ran nan ta kasa daurewa ta tambayi wata a ina suke a littafi. Yarinyar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce sun shiga babi na uku, sannan ta ce a ƙara mata yaji. Radiyya ta ƙara mata yajin, ta juya baya ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Da yamma kuwa sai gidan ya koma ofis. Maƙwabta su kawo 'ya'yansu wajen Konseye, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya karkata kai gefe guda kamar mai jin kiran salla daga nesa, ya ce da ɗan mai gyaran waya, "Faɗa min, yarona, me zuciyarka ke so?" Radiyya tana tsaye a kansu da farantin shayi. Iyaye su tashi suna sa albarka, suna cewa ke dai yarinyar nan kin dace, kin faɗo gidan ilmi.

Ta sake gwadawa bayan sun watse.

"Tonton, saura kaɗan watan ya ƙare."

"Bon. Zauna in fahimtar da ke wani abu." Ba ta zauna ba, don kwanonin wanke-wanke ne a hannunta, shi ma bai lura ba. "A ilmin aikinmu akwai abin da ake kira lokacin sabo. Yaron da ya taso daga ƙauye ba a jefa shi aji kai tsaye, sai ya ruɗe. Dole ya fara sanin gari, ya san titi, ya san mutane. Zuwanki Roksi ɗin nan, kin ɗauka banza ne? Yana cikin tsari."

To ka ji. Da jahili ne ya danne ta, da ko banza ta san zalunci ake yi mata. Wannan kuwa har suna ya raɗa wa abin.

Kai ƙara gida kuma babu hanya. In Inna Lami, mahaifiyarta, ta bugo waya daga ƙauye, Tanti Laila ce ke riƙe da wayar, ta buɗe murya kowa na ji.

"Radiyya, ya karatu?"

Radiyya ta dubi Tanti Laila, Tanti Laila ta dube ta.

"Alhamdu lillahi, Inna."

"Madalla. Ki yi musu biyayya, kin ji? Ƙanen uba uba ne. 'Yar riƙo ba ta kawo ƙarar gidan riƙo, kada ki ba ni kunya."

Ana cikin haka, saura 'yan kwanaki wata ya mutu, sai wata ƙungiya ta ɗauki Malam Nu'uman ya horar da sababbin masu ba da shawara da za a tura makarantun karkara. Ya dawo gida yana tafe yana taka ƙasa da ƙarfi. Sai dai akwai matsala guda. A ranar ƙarshe ta horon yana so ya yi gwaji a gaban jama'a, ya zaunar da ɗalibin ƙauye na gaske su ga yadda gwani ke aiki, kuma a tsakiyar Abijan ina za a samo ɗalibin ƙauye? Ana gobe gwajin, yana cikin wannan tunani, Radiyya ta gifta da bokitin ruwa a ka. Ya bi ta da kallo kamar yau ya fara ganinta.

"Laila! Ara min yarinyar nan gobe, rabin wuni."

"Wa zai soya min? Kai ne?"

"Haba Madam, harkar ci gaban ƙasa ce."

Aka daidaita a kan za ta ɓare agadar duka kafin su fita, kuma ya dawo da ita kafin cinikin la'asar.

Ya kira ta ya yi mata bita. Sunanki Ruƙayya, ubanki manomi ne. Zan tambaye ki kaza, ki ce kaza. In na ce me kike so ki zama, ki ce nas, domin yaran ƙauye ba su san komai ba sai nas da malamin makaranta, ni kuma sai in buɗe miki ido. Shi ya yi tambayoyin, shi ya ba da amsoshin, har da ƙanƙance murya irin ta mata. Radiyya ba ta ce uffan ba daga farko har ƙarshe, ya ce madalla, kin haddace. Ya ƙara da cewa ta sa tsohon zane don ta fito a 'yar ƙauye sosai. Bai san ba ta da wani ba.

Zauren taron yana saman wani bene a unguwar Birakodi, a kan shagon masu sayar da fanka, amma a cikinsa ko fanka ɗaya babu mai juyawa. Samari da 'yan mata sun cika kujeru suna fifita da takardu. Radiyya ta rakuɓe a bakin ƙofa, Malam Nu'uman ya hau gaba ya saki Faransanci kamar ruwan famfo.

Kuma don Allah a faɗi gaskiya, mutumin nan ya san aikinsa. Ya ce musu yaron ƙauye ba ya kallon babba a ido, kada ku ɗauka rashin gaskiya ne, tarbiyya ce. Ya ce in ya ce muku ba komai, to a nan komai yake. Ya ce kada ku tambayi yaro makinsa kafin ku tambaye shi nisan rafin da yake ɗebo ruwa, da wanda ke tashinsa da asuba, da aikin da ke jiransa in ya koma. Ya ce shawarar da ta tsaya a ofis ba ta kai ko'ina ba, sai kun taka kun je gidan yaro kun zauna da wanda ke riƙe da shi. Alƙaluma suna ta gudu a kan takarda. Radiyya ma ta sami kanta tana gyaɗa kai.

"Amma uwar dukkan dabaru," in ji shi, ya ɗaga yatsa, "ita ce shiru. In ka yi tambaya, ka kulle bakinka. Ko minti nawa yaro zai ɗauka, ko me zai faɗa, ba ka da ikon katse shi sai ya tsaya don kansa."

Ya zaro wata 'yar ƙararrawa daga jaka, irin ta kan teburin otal, ya miƙa wa wata budurwa mai tabarau a layin gaba. Ummul-Khairi sunanta, Bahaushiya haihuwar Ajame, irin mutanen nan da ba sa dariya sai sun ga dalili.

"Madmazel, ke ce alƙali. Ko ni na katse ta, buga. Kada ki ji nauyina."

Aka ajiye kujeru biyu suna fuskantar juna. Radiyya ta zauna a bakin tata. Malam Nu'uman ya karkata kai, ya sassauta murya.

"Ruƙayya, 'yata, saki jikinki. Nan babu mai yi miki faɗa. Ba ni labarin wuninki, tun daga tashi har kwanciya."

Ya kulle bakinsa, ya harɗe hannuwa, ya ɗan waiwayi jama'a don su ga yadda ake yi.

Wallahi Radiyya ba ta zo da niyyar komai ba. Ta buɗe baki ne ta nemo amsar da aka ba ta jiya, sai ta tarar ba ta riƙe ko ɗaya ba, don lokacin bitar hankalinta yana kan wake da ta bari a wuta. Tun da ta sauka a garin nan babu wanda ya tambaye ta abu ya tsaya jiran amsa. Sai kawai ta ji bakinta ya fara.

"Ina tashi kafin assalatu, saboda layin famfo."

Malam Nu'uman ya gyaɗa kai, duk da cewa a bitarsa rafi ne.

"In na gama wankin yaran gidan sai in ɓare agada. Sai mu hau woro-woro mu haye gada."

"Wato kwalekwale take nufi, a ƙauyensu akwai..."

Ƙararrawa ta ce ƙilin! Zaure ya fashe da dariya. Malam Nu'uman ma ya yi dariyar, ya nuna Ummul-Khairi da yatsa alamar kun gani, ko ni ban tsira ba.

Radiyya ta ci gaba, idonta a kan yatsun ƙafarta. Ta ce ita ba a ƙauye take ba yanzu, baffanta ne ya ɗauko ta riƙo. Ta faɗi makin da ta ci, wani a baya ya yi fito. Ta faɗi gurbin da aka ba ta, da abin da mai gadi ya ce, da Litinin, da telan da ya tafi Maraɗi da yadin da ba a kai masa ba. Nan mutane suka riƙe ciki.

"Bon, ina ganin mun sami abin da..."

Ƙilin!

Ta ba da labarin ciwon bayan da ke jin sunan makaranta ya tashi. Ta ba da labarin lokacin sabo. Wata a tsakiya ta ce, "Kai, wannan baffa ɗan duniya ne!" Gumi ya jiƙa wuyan rigar Malam Nu'uman. Ya buɗe baki, ya ga yatsan Ummul-Khairi a kan ƙararrawa, ya mayar ya rufe, ya koma tari. Ummul-Khairi ta duba tarin da kyau, ta ga na katsewa ne, ta buga.

Daga nan dariya ta fara ja da baya, don muryar yarinyar ta canza. Ta ce ita ba nas take so ta zama ba. A ƙauyensu akwai wata cuta da ke busar da itatuwan yazawa tun daga reshe, ta cinye gonar babanta yana kallo, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce ikon Allah. Ita so take ta karanta ta san sunan cutar da maganinta. Ta ce jibi wata zai ƙare. Ta ce 'yan ajinsu sun wuce babi na uku, tana sayar musu da aloko. Ta ɗaga hannuwanta ta duba, ta mayar cikin mayafi, ta tsaya don kanta.

Sai tafi ya ɓarke, raf-raf-raf! Shugaban ƙungiyar ya taso ya kama hannun Malam Nu'uman da hannu biyu, ya ce bai taɓa ganin gwajin da aka tsara da kyau haka ba, har da kuskuren ganganci don a koya wa mutane. Ya ce yanzu sai Malam ya jagoranci tattaunawa a kan wannan baffa.

Jama'a, laifi tudu ne. Malam Nu'uman ya tsaya a gaban allo da alli a hannu, yana rubuta abin da ake faɗa a kansa. Wani saurayi ya ce baffan jahili ne, da gani bai taɓa shiga aji ba. Malam ya rubuta jahilci. Wata ta ce ba jahilci ba ne, mugunta ce da son banza. Ya rubuta son banza. Wani ya ce irin waɗannan kamata ya yi a tara musu unguwa.

"Mu yi adalci," in ji Malam Nu'uman. "Konseye ba ya yanke hukunci. Wataƙila mutumin yana da uzuri. Rayuwar birni da wuya, ga matarsa da tagwaye..."

"Malam," in ji Ummul-Khairi, "yarinyar ba ta ce tagwaye ba. Yaran gidan ta ce."

Ya ce misali ne. Ta cire tabarau ta goge, ta dubi hannuwan Radiyya da suka sake leƙowa daga mayafi, ta mayar da tabarau.

"To Malam, ɗazu ka ce shawarar da ta tsaya a ofis ba ta kai ko'ina ba. Tunda jibi wata zai ƙare, me zai hana mu tashi yanzu mu duka, ka kai mu gidan baffan nan, mu ga yadda gwani ke zama da waliyyi?"

Zaure ya ɗauka, "E! Mu je! Mu je!" Har wasu sun fara rataya jaka. Malam Nu'uman ya hango mutum talatin suna shiga gidan haya na Biyafara, maƙwabta suna leƙe, ɗan mai gyaran waya yana nuna musu ƙofar Konseye.

"A'a, a'a, ku zauna! Mutumin... na san shi. Yana da zafin rai, ba ya son taro. Ni zan same shi yau, namiji da namiji. Ina tabbatar muku gobe da safe zai kai ta."

"Madalla," in ji Ummul-Khairi. "Sai mu haɗu a ƙofar makarantar, in gaishe shi." Da ta zo miƙa masa ƙararrawarsa sai ta sauya zuwa Hausa, ƙasa-ƙasa. "Allah Ya ba baffan nan kunnen ji, Malam."

Suka shiga woro-woro suka nufi gida, har suka hau gada. Can ya juyo.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min abin ya kai haka ba?"

"Na gaya maka, Tonton."

"Ba a tsare ba. Magana ai sai da tsari."

Tanti Laila kuwa da ta ji, har maƙwabtan bayan gida sai da suka san an taɓa ta. Ta ce an ari yarinya rabin wuni an dawo mata da lauya. Ta ce to shi ya ajiye laktayen ya zo ya goya tagwaye. Ta kama baya ta zube a katifa. Suka rufe ƙofa ita da mijinta, murya ta yi sama, ta yi ƙasa, ta koma raɗa. Da aka buɗe ƙofa sai ga Tanti Laila ta fito garau, har tana tambayar Radiyya ko ta ci abinci. Radiyya ta yi mamaki, amma murna ba ta bar ta ta yi tunani ba.

Washegari suka tarar da Ummul-Khairi a ƙofar makaranta, hannu a harɗe. Malam Nu'uman ya ce baffan ya wakilto shi, kunya ta hana shi zuwa. A ofis, mai rajista ta yi ta faɗa, ta ce saura ƙiris da an ba wani, wane irin waliyyi ne zai zaunar da yarinya mai wannan maki wata guda?

"Madam, bari kawai," in ji Malam Nu'uman. "Kin san mutanenmu. Aikin da muke fama da shi ke nan."

Aka ba Radiyya kujerar can baya kusa da taga, da farar riga da siket na aro waɗanda Ummul-Khairi ta zo da su a jaka. Ranar ba ta gane rabin abin da malamin lissafi ya faɗa ba, amma ta dawo gida tana tafe kamar ba ta taka ƙasa. Aka kwana biyu babu mai tashinta layin famfo. Tanti Laila ta rufe teburin Roksi, ta ce hutu take.

Ran Juma'a Radiyya ta dawo da yamma, ta shigo tsakar gida da sallama, sai ta ga wata 'yar yarinya tsugune a gindin famfo gaban tulin kwanoni, da ɗaya daga cikin tagwayen a bayanta, goyon ya kusa rinjayarta. Yarinyar ta ɗago.

"Yaya!"

Zinariya ce, ƙanwarta, wadda ta bari a aji biyu na sakandaren ƙauyensu, mai zuwa ta ɗaya a ajinsu. Jakar littattafanta tana jingine da bango, ko buɗe ta ba a yi ba. Gefe ga doya da zabi biyu a ɗaure, tsarabar godiya daga Inna.

Ashe raɗar da aka yi a ɗaki ke nan. Malam Nu'uman ya buga wa Inna Lami waya, ya yi mata bayani a matsayinsa na masani cewa makarantun ƙauye ba su da malamai, barin yarinya mai ƙwaƙwalwa a can asara ce. Inna ta yi kuka don daɗi, ta cire ta daga aji a tsakiyar zango ta sa ta a mota. Babu wanda ya tuba a gidan nan, kuma babu wanda ya ji kunyar da ta wuce ta idon mutane. Hannu biyu suke bukata a gindin murhu, da aka ƙwace musu waɗannan sai suka aika ƙauye aka ɗebo wasu, kuma a cikin gida ɗaya, don sun san uwar da ta rasa miji ba ta iya ce wa ƙanensa a'a. Radiyya ta ji kujerar da ta samu ta yi mata ɗaci a baki.

Daga ƙofar ɗaki ana jiyo muryar Konseye a kan tabarma, yana tambayar ɗan wani me zuciyarsa ke so.

"Yaya, kayan nan sun yi miki kyau," in ji Zinariya, tana taɓa bakin siket ɗin da jiƙaƙƙen yatsa. "Ni tawa makarantar tana da nisa daga nan?"

Radiyya ta ajiye jakarta kusa da ta ƙanwarta. Ta kwance goyon daga bayan yarinyar ta ɗaura a nata, a kan farar rigar, ta tsuguna ta jawo kwanon wanke-wanken gabanta.

"Je ki buɗe littafinki," ta ce. "A ina kuka tsaya?"